Kafin Ka Kafa Gida A Ikara, Makarfi Ko Kudan

'Yan'uwa, tun da aka janye tallafin man fetur a watan Mayu 2023, zaman birni ya yi wa iyalai da yawa nauyi. Kuɗin haya ya tashi, kuɗin mota ya tashi, kuɗin awo kuwa ba a magana. Shi ya sa wasu daga cikin 'ya'yanmu da ke Zariya, Kaduna da Kano suke tunanin komawa ƙauye su nemi gona, su ci daga abin da hannunsu ya noma. Akwai kuma waɗanda rashin tsaro ya raba su da gonakinsu a wajajen Birnin Gwari da Giwa, suna neman inda za su sake kafa gida. Da yawa sun sa ido a kan Ikara, Makarfi da Kudan, gama ƙasa ce ta noma tun kaka da kakanni, ga ta kuma kusa da babbar hanyar Zariya zuwa Kano.

Tunanin yana da kyau. Amma gona ba riga ba ce da za ka mayar wa mai kanti in ba ta yi maka ba. Wanda ya zuba kuɗin sallamarsa ko kuɗin gādonsa a wurin da bai dace ba, da wuya ya sake samun wani. Don haka muka ga ya kamata mu yi bayani a kan yadda ake duba wuri kafin a biya ko sisi.

Abin da ya faru a Gimi

Ba mu ne na fari da muka yi wannan tunani a ƙasar nan ba. Wajen shekarar 1914, wasu iyalai daga cikin mutanen da ake kira Isawa, waɗanda suka karɓi bishara ta hannun Likita Miller na mishan ɗin CMS a Zariya, suka taru suka kafa sabon ƙauye a Gimi, cikin ƙasar Makarfi ta yau. Wani fasto mai suna Thompson, baƙar fata daga tsibiran Karebiyan, ya zauna tare da su. Suka yi gidaje, suka yi makaranta, suka noma rake, suka kafa injin matse shi domin yin mazarƙwaila. Mutane ne masu himma, ƙasar kuma ta karɓi shuka.

Abin da ba a duba ba shi ne kurmin da ke bakin rafi. A nan ƙudan tsando yake, shi ne mai kawo ciwon barci. Ba a cika shekara goma ba ciwon ya kashe mutane da yawa, sauran suka watse. Wasunsu suka koma Zariya, daga baya kuma Wusasa, inda mishan ɗin ya koma a 1929. Irin wannan ciwo ne ya sa a ƙarshen shekarun 1930 gwamnatin Turawa ta sare kurmin bakin rafuffuka a yankin Anchau, maƙwabtan Ikara, ta haƙa rijiyoyi, ta kuma gina sabon garin da aka sa wa suna Takalafiya.

Yau ciwon barci ba shi ne abin tsoro a nan ba. Amma halin ƙasa bai sake ba: abin da zai kori mutum daga gona sau da yawa ba ya bayyana a ranar da mai sayarwa ya zaɓa ya kai ka.

A je sau biyu

A yankin nan ruwan sama yakan kai wajen milimita 1,000 a shekara, wani lokaci ya ɗan haura. Yakan sauka sosai daga Mayu, ya yi ƙarfi a Agusta, ya ɗauke wajen farkon Oktoba. Sauran watannin bakwai kuwa rani ne. Gonar da ka gani a Yuli da gonar da za ka gani a Afrilu kamar ba wuri ɗaya ba ne. Saboda haka shawararmu ta farko ita ce, kada ka yi ciniki sai ka taka wurin da ƙafarka sau biyu: sau ɗaya a ƙarshen Agusta ko cikin Satumba, sau ɗaya kuma a bazara, sa'ad da zafi ya kai maƙura. Gani ya kori ji.

A zuwan damina, ka je bayan an yi ruwa mai ƙarfi. Duba inda ruwa ke kwanciya. Masara ba ta son ƙafarta cikin ruwa. Kwana biyu ko uku sai ka ga ta yi ɗorawa ta tsaya. Duba kuma inda ruwa ke gudu. Ƙaramin kwari da yaro ke tsallakewa bana, in ba a tare shi ba, bayan 'yan shekaru ya cinye kunya ashirin. Ka kuma lura da hanyar da ka bi. In babur ya kasa wucewa a Agusta, to, ranar da naƙuda ta zo wa uwargida da dare ma ba zai wuce ba.

Sa'an nan ka shiga cikin dawa da masarar da ke gonar, da ta maƙwabta, ka nemi wuta-wuta, wadda wasu ke kira ƙuduji. Furenta ja-ja ne mai kyaun gani, a wannan lokaci ne kuma take fitowa fili. Tana kama saiwar hatsi tun a ƙarƙashin ƙasa tana tsotse shi. Tushe ɗaya yakan zubar da 'ya'ya dubbai masu yawa, ƙanana kamar ƙura, suna iya kwanciya cikin ƙasa fiye da shekara goma suna jiran a shuka hatsi. Inda ka ga ta yi yawa, ƙasar ta gaji. Ba mu ce kada a sayi irin wannan gona ba. Ana iya farfaɗo da ita da takin gargajiya, da juya shuka tsakanin masara da waken soya ko gyaɗa, da irin masara mai jure mata kamar SAMMAZ 15 da SAMMAZ 16 na Cibiyar Binciken Aikin Gona ta Samaru. Amma aikin shekaru ne, ya kamata kuma farashin gonar ya nuna haka. Mai sayarwa da ya nace sai dai ka zo da rani ka duba, ka tambayi kanka dalili.

Ka ɗauki fartanya ko diga ka haƙa rami a wurare uku ko huɗu, zurfin gwiwa. In ka ci karo da marmara tun ba ka kai taƙi ɗaya ba, saiwa ba za ta nutsa ba, kuma da ruwa ya tsaya kwana goma shuka za ta yi yaushi. Ka jiƙa ƙasar ka murza a hannu. In ta watse kamar gari, jigawa ce: ta gero, gyaɗa da wake. In ta dunƙule ta yi santsi, laka ce: ta shinkafa da rake. Yawancin tudun yankin nan tsaka-tsaki ne, ƙasa mai laushi da masara da dawa ke so, sai dai tana yin ɓawo a sama bayan ruwa, kuma ba ta da kitse sosai in an daɗe ba a sa mata taki ba. Fako kuwa, inda ko ciyawa ba ta fitowa, kada a ƙirga maka shi cikin awon gona.

Itatuwa ma suna magana. Gawo abokin manomi ne, gama yana zubar da ganyensa da damina, ba ya tare wa shuka rana, hatsin da ke ƙarƙashinsa kuma yakan fi na gefe kyau. Ɗorawa, kaɗanya, kuka da tsamiya abincin gida ne da kuɗin kashewar mata. Gonar da aka share ƙaf babu ko inuwa, an riga an ci wani sashe na amfaninta kafin ka zo.

Ruwa a watan Afrilu

Zuwan bazara na ruwa ne, kuma a ganinmu shi ne ya fi muhimmanci. Ka tafi da uwargida. Ita da yara ne za su ɗebi ruwan, ita ce kuma za ta ji daga bakin matan ƙauyen abin da maza ba za su faɗa maka ba.

Ku je rijiyar da ta fi kusa da asuba. Ku ga tsawon igiyar guga, ku ga yawan masu jira, ku tambaya ko takan ƙafe, a wane wata kuma. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce mafi ƙarancin abin da mutum ɗaya ke bukata a rana domin sha, girki da ɗan tsabta shi ne lita 20. Gida mai mutum takwas ke nan yana bukatar lita 160, wato kusan jarka bakwai mai cin lita 25, kowace rana ta Allah. Ba a sa na dabbobi ba, alhali sa ɗaya yakan sha jarka guda ko fiye a ranar zafi. In ruwan yana da nisan tafiyar rabin sa'a, ka lissafa sau nawa za a je, ka ga ko yaranka za su sami zuwa makaranta.

Kada kuma ka ce ai zan haƙa burtsatse. Ƙarƙashin ƙasar Zazzau dutse ne, ruwan yana cikin tsagoginsa da cikin ruɓaɓɓen dutsen da ke samansa. Shi ya sa za ka ga wani ya sami ruwa mai yawa, maƙwabcinsa kuwa ya haƙa ya tashi a banza. Sai masu awo sun zo da na'urarsu sun duba tukuna, wannan ma kuɗi ne. In za ka haƙa rijiya, ka bar aƙalla mita 30 tsakaninta da masai, kuma kada ta kasance a gangaren da ruwan masai ko na turke ke bi.

Lissafin rumbu

Yanzu bari mu zauna da alƙalami. Mu ɗauki gida mai mutum takwas da ke cin tiya biyu ta hatsi a rana, tuwo da kunu. A shekara tiya 730 ke nan. Buhu yana cin tiya 40, don haka buhu 18 ne da 'yan kai. Ka ƙara iri, ka ƙara baƙi da biki, da baikon godiya, da abin da ƙwari da ɓera za su ci, za ka ga kana neman buhu 22 zuwa 25 kafin ka ce rumbunka zai kai ka wata kaka.

Gona nawa ce za ta ba da wannan? Amsar tana ga ƙarfin ƙasar da abin da ka zuba mata. Hekta ɗaya, wato mita 100 tsawo da mita 100 faɗi, ko eka biyu da rabi, in ƙasar ta gaji kuma babu taki, tana iya kasa ba da buhu goma na masara. In an ba ta abincinta, an yi shuka da noma a kan lokaci, tana iya haura buhu talatin. Abincin nata kuwa, bisa ga shawarar malaman gona, ya kai buhu takwas na NPK 15-15-15 da kusan buhu uku na yuriya a hekta. Ka je kasuwa ka tambayi kuɗin buhu ɗaya yau, ka ninka. A nan ne mafarkin mutane da yawa yake tsayawa, gama sun kashe dukan kuɗinsu a sayen fili da ginin ɗaki, damina ta zo babu na taki. Gara hekta biyu da za ka iya ciyarwa da hekta biyar da za ka zuba wa ido.

Tun 2016 kuma akwai tsutsar nan mai cin zuciyar masara da ta shigo ƙasar. Magani ya shiga lissafi ke nan. Wannan na cikin dalilan da suka sa ba mu ba kowa shawarar ya bar dawa. Ba ta kai masara yawan buhu ba, amma ta fi ta haƙuri da ƙarancin taki da tsayawar ruwa, karanta kuma danga ne, makamashi ne. Wake kuwa, in ka samu, ka zuba shi a buhun nan mai hawa uku da ake kira PICS, ka ɗaure kowane hawa dabam. Zai kai ka bazara ba tare da maganin ƙwari ba.

Ko rumbu ya cika, hatsi ba ya biyan kuɗin makaranta sai an sayar da shi, in kuwa aka sayar da shi a kaka, an sayar da arha. Gishiri, sabulu, asibiti, man babur, duka kuɗi suke so. Iyalan da muka ga sun tsaya da ƙafarsu a yankin nan, kusan dukansu suna da wani abu bayan gonar tudu: ɗan yanki a fadama, awaki da kaji, ko wata sana'ar hannu.

Fadama da abin da ke cikinta

Arzikin waɗannan ƙananan hukumomi uku yana cikin fadamunsu. An san Makarfi da rake da mazarƙwaila, motoci na ɗaukarsa zuwa garuruwa masu nisa. An san Ikara da tumatir da barkono. Kudan, mai hedkwata a Hunkuyi, ban da rake da kayan lambu, ta yi suna da noman inabi. Rubu'in hekta a fadama mai ruwa yakan kawo kuɗin da hekta guda ta tudu ba ta kawo ba, a lokacin da kowa ke zaune. Don haka in za ka zaɓa tsakanin babbar gona a tudu kaɗai, da ƙaramar gona mai ɗan rabo a fadama, mu dai ta biyun za mu ɗauka.

Amma a shiga da hankali. Rake yakan kwashe kusan shekara kafin a sare shi. Inabi yana son turaku, waya, feshi da gwaninta, ba na sabon zuwa ba ne. Tumatir kuwa kowa ya san halinsa: sa'ad da naka ya nuna, na kowa ya nuna, kwando ya faɗi ƙasa. A 2016 ƙwaron nan da manoma suka sa wa suna sharon ya cinye gonakin tumatir har gwamnatin Jihar Kaduna ta ayyana dokar ta-ɓaci a kansa. Kamfanin sarrafa tumatir na Ikara, wanda aka kafa a 1981, ya yi shekaru fiye da ashirin a rufe kafin a farfaɗo da shi a 2014. Wanda zai shuka domin wani kamfani, ya je ya tabbatar kamfanin yana saye a wannan kakar. Injin ban-ruwa ma mai yake sha, kuɗin man kuwa kun san inda ya kai.

Gida kuma kada a gina shi a bakin fadama. A bar lambu a can, a kwana a tudu. Sauro ya fi yawa a bakin ruwa, macizai ma haka, yaran da ke wanka a kududdufi kuma su ne ke kamuwa da tsargiya.

Gonar ta wane ne?

Mun bar wannan sai yanzu, amma shi ne ya fi jefa mutane cikin kuka. A ƙasar Hausa ana riƙe gona ta hanyar gādo, saye, aro, haya ko jingina. Wanda ka gani yana noma wuri shekara ashirin, mai yiwuwa aro aka ba ubansa. Wanda ya ce gonar gādo ce, ka tambaya ko an raba gādon, gama in ba a raba ba, akwai 'yan'uwa maza da mata, wasu suna Legas, da za su dawo wata rana su ce ba da yawunsu aka sayar ba. In kuma jingina ce, ranar da mai ita ya kawo kuɗinsa, ka tashi.

Kada ka yi ciniki a ɓoye ko da dare, ko da mai sayarwa ɗan ikilisiyarku ne. Ku je wurin mai unguwa da dagaci. A kira masu gonakin da ke iyaka da kai ta kowace kusurwa, a zaga iyakar da ƙafa a gabansu, a kafa alama. A rubuta takarda, magada su sa hannu, shaidu su sa hannu. A faɗi a cikin takardar ko itatuwan da ke gonar sun shiga cinikin, gama a al'adarmu ana iya sayar da gona a bar ɗorawar ga mai ita na da. Ka sa a auna maka filin. Wayar hannu ma tana yin wannan yanzu. Sau da yawa abin da aka kira eka biyar yakan dawo uku.

Bayan haka akwai hukuma. Dokar amfani da ƙasa ta 1978 ta sa dukan ƙasar jiha a hannun gwamna a matsayin amana, mu kuwa izinin zama da amfani muke riƙewa. A Jihar Kaduna hukumar KADGIS ce ke yin rajistar filaye. Takardar dagaci tana da amfani ƙwarai a cikin gari, amma ranar da aikin hanya ko wani aikin gwamnati ya biyo ta gonarka, mai takardar hukuma ya fi ƙarfin magana.

Ka kuma tambaya ko burtali ya bi ta wurin, ko akwai mashayar shanu kusa. Gona mai arha a kan burtali rigima ce ka saya da kuɗinka. In kuwa kana gefe, ka san arɗon rugar da ke kusa tun da wuri. Iyayenmu sukan bar wa makiyaya kara bayan girbi, shanu su kwana a gona su bar taki, kowa ya amfana. A wannan zamani na tsadar takin zamani, wannan tsohuwar ma'amala ta fi dā daraja.

Maƙwabta

Wasu suna zuwa da tunanin su yi gida can tsakiyar gonarsu, nesa da kowa, su huta da surutun mutane. Ba mu goyi bayan wannan ba. Yankin nan ya fi yammacin jihar kwanciyar hankali, amma ba a ce babu kome ba. A watan Satumba 2023 'yan bindiga sun shiga Saya-Saya a ƙasar Ikara suka kashe mutane. Gidan da ke shi kaɗai ba shi da mai jin ihunsa. Ban da haka, sabon zuwa ba shi da garmar shanu, ba shi da turmin casa, bai san wane iri ne ke yi a wannan tudu ba. Duk waɗannan a wurin maƙwabci ake samu, Kirista ne ko Musulmi. Ka lura ko har yanzu ana gayya a ƙauyen, ko mata suna adashi, ko an taɓa gyara famfon gari da kuɗin jama'a. Garin da famfonsa ya lalace shekara uku ba wanda ya motsa, ka san abin da za ka tarar in taka ta taso.

Ka tambayi nisan asibiti da makaranta, da kuɗin kai buhu ɗaya zuwa kasuwar Makarfi ko ta Anchau. Ka nemi malamin gona na hukumar KADA, wadda dā ake kira KADP; ofishin shiyyar yana Maigana. Samaru kuma ba ta da nisa ga mai neman iri na ƙwarai.

In da hali, shekarar farko kada ka saya. Ka karɓi haya ko aron hekta ɗaya a ƙauyen da ka sa wa ido, ka kama ɗaki a cikin gari, iyali su ɗan dakata inda suke har a yi girbi. Ka sami ɗan littafi ka riƙa rubuta ranar da ruwa ya sauka da ranar da ya ɗauke, kuɗin taki da na 'yan ƙwadago, buhu nawa ka ɗaure, da watan da rijiya ta fara ja da baya. A cikin wannan shekara kuma za ka ji wace gona ce ake rigima a kanta, wace ce kuma mai ita yake so ya sayar domin bukata ta gaskiya.